Ban Gajiyar Goggo Dije

Duk wanda ya taɓa zuwa duba Goggo Dije a gidan tsofaffin nan na Bronx ya san abin da ke biyo baya. Ka je ranar Lahadi, ka sha hira, ka koma gida kana jin ka kwashi lada. Kafin mako ya raba sai ka ji ana danna ƙararrawar gidanku kamar gobara ta tashi. Ba taka kaɗai ba, ta duk mutanen benen, don Goggo ba ta taɓa yarda ta riƙe lambar ɗakin kowa ba. A cewarta, wanda ya fi kusa ya buɗe. Ka leƙa ta taga, ga ta can ƙasa, mayafi ya sha guga, jaka rataye a wuya, hannu biyu a kan ƙarfen dogarawarta mai ƙafa huɗu, ta ɗaga kai tana kwaɗa kira:

"Ku buɗe, ni ce! Na zo ban gajiya!"

Ku manya ba sai na yi muku bayani ba, amma saboda yaranmu da aka haifa a nan: a gida, in mutum ya tako ƙafa ya zo maka biki ko jaje ko dubiya, kai ma daga baya sai ka bi shi har gida ka yi masa ban gajiya. Yawancinmu tun da muka sauka a filin jirgi muka mayar da abin na waya. Goggo ce ta ƙi. Ta ce wanda ya hau bas saboda kai, ba ka biyan sa da danna waya kana kwance a kujera.

Ƙanwar mahaifina ce, ita ta tashi a Damagaram ta Nijar, shi ya sa take jefa Faransanci a magana, mu a Kano. Shekara da shekaru tana da tebur a titin 116 a Harlem, tana sayar da humra da turaren wuta da atamfa, tana kwana a unguwarmu ta Highbridge a nan Bronx. Wata shekara da sanyi ta zame a doguwar matakalar nan da ke sauka wajen jirgin ƙasa, ƙugunta ya karye. Da aka sallame ta daga asibiti, likitoci suka ce zaman kaɗai ya ƙare. Ɗanta ɗaya tal, Mamman, direban babbar mota ne a Ohio. Ya zo da shirin tafiya da ita, a gabana aka yi.

"Inna, na gyara miki ɗaki, har da bayi a ciki."

"Akwai bas a ƙofar gidan?"

"Wane bas kuma? Akwai mota. Duk inda kike so sai a kai ki."

"Sai a kai ni. Bon. Ni buhun gero ce?"

Haka ta zaɓi gidan tsofaffin, ba don kyan ɗaki ko abinci ba, sai don bas yana tsayawa daidai ƙofarsa. Ranar da muka kai kayanta ta tara mu ta ce, "Kada in ji wani ya ce an ajiye Dije. Haya na kama." Muka yi dariya, amma ita ba wasa take ba. Ba ta tsoron ciwo, ba ta tsoron mutuwa. Abu ɗaya take tsoro, ta zama wadda ake zuwa gani ita ba ta zuwa ganin kowa.

Ni na fara ɗanɗana. Kun san gidana, hawa na biyar, babu lif, ni da nake da ƙafa lafiya ma sai na huta a hanya. Na je na duba ta da ɗan kunun gyaɗa a fulas. Bayan kwana biyu ina tsaka da tuƙa tuwo na ji ƙararrawa. Kafin in sauko ta kai hawa na biyu, wani saurayi maƙwabcinmu ɗan Dominika yana biye da ita ɗauke da ƙarfen dogarawar a kafaɗa, tana ba shi umarni da Hausa, shi kuma yana cewa "Sí, mami." Da ƙyar muka iso sama. Ta zube a kujera, gumi sharkaf, numfashi yana fita da fito. Ta shanye ruwa kofi guda, ta goge baki, ta dube ni cike da tausayi.

"Bilki, yaya gajiyar shekaranjiya?"

"Goggo, wace gajiya don Allah? Bas ɗaya fa na hau!"

"Ai kin tako."

"Ke fa dubi yadda kike haki!"

"To kin ga kenan. Gobe sai ki zo mini ban gajiya."

Maigidana da ke ɗaki yana saurare ya leƙo ya ce, "Goggo, in ta je, ke ma sai ki dawo?"

"Ka fara ganewa," in ji ta.

Ba mu kaɗai ta yi wa ba. Dokar gidan ita ce mai cikakken hankali yana iya fita in ya gaya wa nas, kuma Turancin Goggo a wannan fagen bai wuce kalma huɗu ba: "I go, I come." Amma a cikin gidan ma ba ta bar kowa ba. Akwai likitan da ke zagaya ɗakuna da safe, wani dogon Bature marar magana. Ya shiga ɗakinta ya duba ƙafa ya fita. Da la'asar sai ga Goggo a ƙofar ofishinsa a ƙasa, ta sha ado, tana ƙamshin humra. Bawan Allah ya miƙe a firgice, ya zaunar da ita, ya ɗaura mata abin awon jini, yana tambaya ina ke ciwo. Sai da aka kira Fati, 'yar Zangon Kumasi da ke aiki a gidan, ta zo ta yi tafinta.

"Hajiya, dokita yana tambaya me ya same ki."

"Ki ce masa lafiyata lau. Shi nake tambaya, yaya ya koma?"

"Hajiya, lif kawai ya hau."

"Ki faɗa masa dai."

Fati ta faɗa. Likita ya ce tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa tambayar sa. Goggo ta ce, "Ga alama nan a wuyansa, dubi ramarsa." Daga ranar, duk sa'ad da ya shiga ɗakinta, sakatariyarsa ta san da la'asar a tanadi kujera.

Baƙo ɗaya ne na san bai samu ban gajiya ba. Akwai masu aikin sa kai da ke kawo kare gidan, wai tsofaffi su shafa su ji sanyi a rai. Wata rana suka tura ƙofar Goggo, wani ƙaton kare mai gashi ya shigo yana kaɗa wutsiya. Goggo da aka ce ƙugunta ba ya lanƙwasuwa, Fati ta rantse a tsaye ta same ta a kan gado, riƙe da buta. Da labari ya iso mini na ce, "Goggo, an ce kin yi babban baƙo. Yaushe za ki je ban gajiya?"

"Wannan ɗin na yafe masa, shi ma ya yafe mini."

Kuma ba ta zuwa hannu rabbana. Matsalar ita ce tun da ta bar tebur ba ta da abin kaiwa, ga ta da riƙon kobo kamar me. Sai ta koma tara abin da ake ɗora mata a faranti: 'yan ƙullin sukari, 'yan kofunan jam na shafa wa burodi, biskit mai gishiri. Wallahi akwai lokacin da babu gidan Bahaushe a Highbridge da za ka buɗe firji ba ka ga jam ɗin Goggo ba. In kuwa ka kai mata tsaraba, to ka sani wucewa za ta yi. Na taɓa kai mata lemo a wata jar leda. Ta ɗauka ta kai wa aminiyarta Mma Asibi, 'yar Ghana, ban gajiya. Mma Asibi, Allah ya bar mana ke, kina ji, ba sharri nake miki ba, ta ajiye shi, da za ta koma dubiya ta ɗauko abinta. Goggo ta karɓa da godiya, ta kawo mini. Na buɗe na ga jar ledata.

"Goggo, wannan ba lemona ba ne?"

Ta leƙa, ta latsa ɗaya da yatsa. "Wala! Shi ne. Ki shanye shi hakanan, ya ga gari."

Ran Juma'a kuwa ba a maganar ziyara, ta 116 ce. Ta hau bas, ta sa direba ya sauke mata ƙofa ƙasa, ta gaishe da duk wanda ke ciki, ta canja wani bas ɗin, ta sauka ta yi salla, ta bi tela da mai nama da masu kitso tana faɗa musu kuskurensu. Akwai motar da ake aikowa ta ɗauki marasa ƙarfi daga ƙofa zuwa ƙofa, mun yi mun yi ta riƙa shiga, ta ƙi. Ta ce a cikinta ba ka ganin kowa sai mai ciwo irinka, hirar kuma duk ta magani ce.

To sai aka shiga wani sanyi mai tsanani, wanda dusar ƙanƙara ta daskare a gefen titi ta ƙi narkewa. Goggo ta fito daga ban gajiya, ta zame a tashar bas ta zauna daɓas. Allah ya kiyaye, gwiwa ce kawai ta kumbura. Amma hankalinmu ya tashi. A wajen wani suna, bayan an ci an sha, mata suka zauna aka ɗauko zancen. Mma Asibi ta buga cinya ta ce:

"Ei, jama'a! Tsohuwan nan zai kashe kanshi a kanmu. In ba mu je ba, ba zai fito ba. Mu bar shi ya huta sai sanyi ya wuce, mu dinga kiranshi a phone."

Kowa ya ce madalla da wannan basira. Har addu'a aka shafa. Ku duba fa, mata sama da ɗaki guda, kowace tana ƙaunarta, muka haɗu muka yanke cewa taimakon da za mu yi wa tsohuwa shi ne mu daina zuwa wajenta! Muka riƙa kira, ita kuma ta amsa a gajarce: "Lafiya lau. Mersi." Muka ce ka ji, hutu ya karɓe ta.

Makonni suka wuce. Wata ranar Asabar da hantsi Fati ta kira ni.

"Anti Bilki, kun yi faɗa da Hajiya ne? Kullum da safe yana wanka, ya sa mayafi, ya rataya bag, ya sauko lobby ya zauna yana kallon bus. In an kira lunch ya koma sama. Abincin ma ba ya ci. Please ki zo."

Na ajiye wankin da nake na tafi. Na same ta yadda Fati ta faɗa, a kujerar da ke fuskantar ƙofar gilashi, jaka a cinya, takalmin fita a ƙafa. Ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Ta gan ni, ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi tsorata ni.

"Goggo, me kike yi a nan? In fita kike so, ai ba wanda ya hana ki."

"In je ina?"

"Ko'ina mana. Gidana, gidan Mma Asibi, 116."

"Na je 116 Juma'ar farko. Tela ya ce, Hajiya, a sanyin nan me ya fito da ke? Mai nama ma haka." Ta gyara jakar a cinyarta. "Bilki, ke yarinya ce. Tsohuwa irina in ta ƙwanƙwasa ƙofar mutane haka kawai, ran farko a yi murna. Na biyu a ce kaɗaici ya dame ta. Na uku a kira Mamman a ce uwarka ta fara yawo, zo ka ɗauke ta. Amma ban gajiya, wa ya isa ya ce mini don me? Da ita nake shiga gari. Kun daina zuwa, kun rufe mini garin."

Na zauna a gefenta na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba. Mu muna ganin wahala muke ɗora mata, ashe kowace ziyara izinin fita ce muke ba ta. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ya isa, mutane suna kallo. Wannan zuwan naki dai ya shiga lissafi. Ki dafa wake da shinkafa ran Litinin."

Da labari ya kai ga Mma Asibi, washegari sau biyu ta je, da safe da kuma yamma, tana sharar hawaye. Goggo ta dube ta ta ce, "Asibi, zuwa biyu a rana ɗaya ban gajiya ɗaya ce. Kada ki yi mini wayo."

Muka sake dabara, wannan karon mai ɗan hankali. Masu zama a sama irina, da mun ji ƙararrawa sai mu suri ledar shara mu sauko da gudu, mu yi kamar kiciɓis muka yi da ita a ƙasa. "Lah, Goggo! Ga kujera nan kusa, bari in sauko da shayi." Sai a yi ban gajiyar a nan bakin akwatunan wasiƙa, masu wucewa suna gaishe ta. Mun ɗauka ba ta gane ba, sai wata rana ta ce da ni, "Ikon Allah. Duk mutanen Bronx ba sa zubar da shara sai na zo." Ta sha shayinta, ba ta ƙara ta da zancen ba, ba ta kuma ƙara neman hawa benen ba.

Haka muka ci gaba har shekara ta zagayo, ta sake zagayowa. Sannan zuciya ta fara ba ta matsala, ƙafafu suka kumbura, ƙarfen dogarawa ya koma keken turawa. Da aka ji jiki ya yi tsanani, jama'a suka yi ta tururuwa, 'yan Nijar, 'yan Ghana, 'yan Najeriya, har masu kitson 116. Kowa ya fita sai in ga ta bi ƙofa da ido. Mamman ya zo daga Ohio ya tare. Wata safiya da rana ta fito sosai ta ce masa:

"Mutane sun yi ta zuwa, ban je wa kowa ba. Ka fito da ni."

"Inna, bari in kawo mota."

"Bas."

Ya dube ni, na dube shi. Wannan karon bai yi musu ba. Likita ya yarda, ya ce kada a daɗe. Ni kuma na shiga bayi na yi ta buga waya, na ce Goggo tana tafe a bas, ba za ta iya sauka ba, duk mai hali ya fito tasha.

Jama'a, kun fito. Ina gode muku har gobe. Tasha ta farko mata uku ne, ɗaya da ludayi a hannu. Ta gaba mai aski ya bar mutum da rabin kai ya fito. Wasu da zanen gida da silifa, wasu da jarirai a baya, direbobin tasi sun faka sun jingina da motocinsu. Duk inda ƙofa ta buɗe sai Goggo ta ɗaga hannu daga kekenta, da 'yar muryar da ta rage mata: "Ban gajiya! Ban gajiyarku!" Su kuma su amsa, "Babu gajiya, Goggo!" Mma Asibi ba ta tsaya amsawa ba, shigowa ta yi ta zauna ta riƙe mata hannu. Direbar bas ɗin, wata baƙar fata mai jiki, ta kasa haƙuri ta waiwayo ta tambayi Mamman wace ce wannan, wata babba ce daga ƙasarku? Goggo ta ce me ta ce, aka faɗa mata.

"Ka ce mata 'yar unguwa ce."

Da muka dawo, ta gaji har ba ta iya riƙe kai, amma fuskarta a sake. Muka kwantar da ita, na gyara mata bargo, na ɗauki jakata. Sai ta kama bakin mayafina.

"Bilki, gobe kada ki zo."

"Don me, Goggo?"

"Yau na sauke na kowa. In kin zo, ba ni da ƙafar ramawa."

Na ce to. Washegari da hantsi ina bakin gadonta. Ta daɗe kafin ta buɗe ido, ta gan ni, ta ɗan harare ni irin hararar da kuka sani.

"Ba kya jin magana."

"A wajenki na gado."

Ta yi murmushi, ta lalubo hannuna ta riƙe. "To wannan ɗin ki yi mini haƙuri. Sai mun haɗu can in zo miki ban gajiya."

Ba ta ƙara wata doguwar magana ba. Kafin Juma'a Allah ya karɓi abarsa.

Ni dai na riƙe ta da alkawarin nan, don ban taɓa ganin ta saɓa ba. Ya Allah, baiwarka Dije ta sha hanya saboda bayinka, ka hutar da ita. Ka gafarta mata, ka yalwata mata makwanci, kada ka bar ta cikin kaɗaici. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka sauke mu kusa da ita, inda ba sai ta wahala ba kafin ta iso ƙofarmu. Amin.